Hawayen Ryan Smyth da Jiran Mutanen Edmonton

A ƙarshen watan Fabrairun 2007, a filin jirgin saman Edmonton da ke yammacin Kanada, wani ƙato mai shekara 31, gashi har kafaɗa, ya tsaya gaban 'yan jarida yana kuka. Ba rasuwa aka yi masa ba. Ƙungiyarsa ta wasan hoki na ƙanƙara, Edmonton Oilers, ce ta miƙa shi ga New York Islanders jiya-jiya, jirgi kuma yana jiransa. Cikin shessheƙa ya faɗa musu cewa zai je ya yi iya ƙoƙarinsa ya ci Kofin Stanley, kofin zakarun NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, sannan ya ɗauko kofin ya kawo shi Edmonton, domin nan zuciyarsa take. Sunansa Ryan Smyth.

Daga wannan rana mutanen garin suka shiga jiransa, jiran da ya ɗauki shekara huɗu da wata huɗu. Duk wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai iya cewa ai ɗan wasa ya tafi kenan, gobe wani zai zo, mene ne abin jira? Tambayar tana kan hanya. Amsarta tana cikin yadda gasar NHL take gudana, da irin ɗan wasan da Smyth yake, da wani tsohon miki da ke jikin garin Edmonton tun 1988.

Mu fara da tsarin, don shi ne ginshiƙin maganar. A ƙwallon ƙafar Turai, kafin ɗan wasa ya bar wata ƙungiya zuwa wata, sai ya zauna da sabuwar ƙungiyar sun daidaita a kan albashi, ya sa hannu da kansa. In ya ce ba ya zuwa, ciniki ya watse. Shi ya sa idan gwani ya tafi, magoya baya kan ɗora masa wani kaso na laifin, su ce kuɗi ya bi. A NHL, gasar hoki ta Amurka da Kanada, kwantiragin ɗan wasa kaya ne a hannun ƙungiya. Babban manajan wannan ƙungiya zai buga wa na waccan waya, su yi musaya: ga ɗan wasana, ba ni naka biyu da damar zaɓen sabon yaro a bana. Da sun amince an sanar da ofishin gasar, magana ta ƙare. Ɗan wasan yakan ji labari ne ta waya, wani lokaci yana filin atisaye, wani lokaci yana cikin mota, a ce masa ya haɗa kayansa, gobe yana da wasa a wani gari mai nisan dubban kilomita. Matarsa da 'ya'yansa da makarantarsu, duk sai daga baya. Manyan 'yan wasa kan samu a rubuta musu sharaɗi a kwantiragi cewa ba za a yi musaya da su ba sai da yardarsu, amma mafi yawa ba su da wannan kariya.

Wannan bambanci shi ke sauya lissafin zuciya baki ɗaya. Wanda aka ɗauke ba da son ransa ba, ba ya cikin sahun masu cin amana. A idon 'yan kallo, shi da su duk abu ɗaya aka yi musu, an raba su ne da ƙarfi. Fushin yana tafiya ofishin manaja, ƙaunar kuma ta bi ɗan wasan zuwa duk inda aka kai shi.

Sai kuma shi kansa mutumin. Wasan hoki ana yin sa ne a kan daskararren ruwa, 'yan wasa shida a kowane ɓangare har da mai tsaron raga, kowa da takalmi mai ƙarfe a ƙasa da sanda a hannu, suna bin wani ɗan faifan roba mai tauri kamar dutse. Idan ƙwararre ya sheme faifan nan, gudunsa kan kai kilomita 150 a awa, har ya wuce. Akwai 'yan wasan da baiwarsu ita ce gudu da iya yanka. Smyth ba ya cikinsu. Bai fi kowa sauri ba, bugunsa ma ba abin a zo a gani ba ne, ya kuma daɗe yana riƙe da sandar da bakinta na katako ne bayan sauran sun koma na zamani. Sana'arsa ita ce tsayawa dab da bakin raga, gaban mai tsaron gida, ya tare masa gani. Wurin nan shi ne mafi muni a filin. 'Yan bayan abokan hamayya suna dukan gadon bayanka da sanda, suna ture ka, abokan wasanka kuma suna harbo faifai ta inda kake tsaye, da fatan ka karkatar da shi da bakin sanda ko ya taɓa jikinka ya faɗa raga. Da wannan aikin wahala ya ci mafi yawan ƙwallayensa.

A wasannin neman kofi na 2006, inda a kowane zagaye ƙungiyar da ta fara cin wasa huɗu cikin bakwai ke wucewa, aka ga abin da ya tsaya wa mutane a rai har yau. Ana karawa da San Jose, wasa na uku, Edmonton ta riga ta sha kashi a biyun farko. Abokin wasansa Chris Pronger ya bugo faifai don ya fitar da shi daga gida, ya samu Smyth a baki, haƙora uku suka zube a kan ƙanƙara tare da jini. Aka fita da shi, aka yi masa ɗinki, ya dawo fili. A ƙarin lokaci na uku, dare ya yi nisa, shi ne ya ba Shawn Horcoff faifan da ya ci wasan. Daga nan Edmonton ta ƙara cin wasa uku a jere ta fitar da San Jose. Ƙungiyar da ta shiga wasannin a matsayi na takwas, na ƙarshe a yankinta, sai ga ta a zagayen ƙarshe da Carolina, inda aka kai har wasa na bakwai kafin ta rasa kofin.

Ga kuma asali. An haifi Smyth a 1976 a Banff, wani ƙaramin gari cikin duwatsu a lardin Alberta, lardin da Edmonton ce babban birninsa. Ya tashi yana goyon bayan Oilers. A 1987, da tawagar Kanada ta yi sansanin atisaye a garinsu, yana ɗan shekara 11 aka sa shi cikin yaran da ke ɗaukar wa 'yan wasa sanduna, ya ga manyan gwanayen Oilers na lokacin, Wayne Gretzky da Mark Messier, ido da ido. A 1994 Oilers ta zaɓe shi a matsayi na shida cikin sababbin yaran shekarar, ya kuma sa lamba 94 a riga. Duk shekarar da ƙungiyarsa ta fita da wuri, in tawagar ƙasa ta kira shi gasar duniya, sai ya amsa, a lokacin da manya da yawa kan ce sun gaji. Har aka yi masa laƙabi da Kyaftin Kanada. Ya ci zinare a gasar Olamfik ta 2002, da gasar duniya ta 2003 da ta 2004. Edmonton gari ne na ma'aikata, na mai da iskar gas, na sanyin da kan sauka ƙasa da digiri 30 a ƙarƙashin sifili. Mutumin da ke fita aiki da asuba cikin wannan sanyi, idan ya kalli Smyth yana shan duka a bakin raga ya miƙe ya koma, kansa yake gani.

To me ya sa za a rabu da irin wannan ɗan wasa, a kakar da ya riga ya ci ƙwallo 31 a wasa 53?

A nan ne maganar take da sarƙaƙiya, kuma ba na son a sauƙaƙa ta fiye da yadda take. An soke kakar 2004 zuwa 2005 ɗungurungum saboda rikicin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa a kan albashi. Da aka sasanta, aka kafa iyakar albashi: kowace ƙungiya tana da adadin da ba za ta wuce ba wajen biyan dukan 'yan wasanta a shekara. A kakar farko dala miliyan 39 ne, a ta biyu miliyan 44. Ma'ana, duk dalar da ka ba mutum ɗaya, ka rage ta daga abin da za ka ba sauran fiye da ashirin. Kwantiragin Smyth zai ƙare a bazarar 2007, daga ranar 1 ga Yuli kuma yana da 'yancin tafiya duk inda ya so, ƙungiyar ba za ta samu ko sisi ba. Babban manaja Kevin Lowe, wanda shi ma tsohon ɗan wasan Oilers ne da ya ci kofuna tare da su Gretzky, yana da zaɓi uku: ya biya abin da Smyth ke nema na shekara biyar, ga mutumin da ya haura talatin kuma jikinsa ya sha duka; ko ya riƙe shi har ƙarshen kaka ya yi kasadar rasa shi a banza; ko ya miƙa shi kafin ranar rufe musaya ya karɓi wani abu. Ranar rufe musayar ita ce 27 ga Fabrairu. Aka yi ta ciniki har 'yan mintoci kafin ƙarewar wa'adi. Abin da jaridun lokacin suka ruwaito shi ne tazarar da ta rage tsakaninsu ba ta wuce kimanin dala dubu 100 a shekara ba, a kwantiragin da ya haura miliyan biyar a shekara. Ba a daidaita ba. Lowe ya karɓi matasa biyu, Robert Nilsson da Ryan O'Marra, da damar zaɓe a zagayen farko na 2007.

A kan takarda, hujjar Lowe tana da ƙafa. Manajoji da yawa sun yi irin haka sun ci riba. Amma ni a ganina ya yi kuskure, kuma kuskuren ya wuce batun ko matasan nan sun yi abin kirki daga baya, duk da cewa babu ɗaya cikin ukun da ya zama ginshiƙin ƙungiyar. Kuskuren yana cikin rashin auna abin da garin ya riga ya haɗiye.

Edmonton ta ci Kofin Stanley sau biyar tsakanin 1984 da 1990. Ana tsakiyar wannan daɗi, ranar 9 ga Agustan 1988, mai ƙungiyar Peter Pocklington ya miƙa Gretzky, gwanin da ba a taɓa yin irinsa ba a wasan, ga Los Angeles Kings, a cinikin da ya haɗa da tsabar kuɗi dala miliyan 15. Gretzky ma kuka ya yi a gaban 'yan jarida. Abin ya girgiza ƙasar har wani ɗan majalisar tarayya ya nemi gwamnati ta hana cinikin. Messier ma ya tafi New York Rangers a 1991. Shekarun da suka biyo baya dalar Kanada ta yi rauni, ƙungiyoyin ƙananan garuruwa suna samun kuɗi da dalar gida suna biyan albashi da ta Amurka. Quebec ta rasa ƙungiyarta a 1995, Winnipeg ta rasa tata a 1996. A 1998 saura ƙiris a kwashe Oilers zuwa Houston, sai 'yan kasuwar garin fiye da talatin suka haɗa kuɗi suka saye ta. Duk da haka gwanaye suka ci gaba da zarewa ɗaya bayan ɗaya: Curtis Joseph, Bill Guerin, Doug Weight. Kullum bayanin ɗaya ne, ba mu da kuɗin manyan garuruwa. Da aka soke kaka guda don a kafa iyakar albashi, abin da aka faɗa wa mutanen Edmonton shi ne su yi haƙuri, wannan tsari ne zai ba su damar riƙe nasu. Suka yi haƙurin, suka cika fili da aka dawo. Sai Pronger, kwanaki kaɗan bayan wasan ƙarshe na 2006, ya nemi a sauya masa gari, aka kai shi Anaheim. Wata takwas bayan haka, mutum ɗayan da ya fito fili yana cewa shi nan yake so ya zauna, shi aka ɗora a jirgi.

Kuma a wace rana? A daren da aka shirya bikin ɗaga rigar Messier mai lamba 11 zuwa rufin Rexall Place, filin gidan Oilers a lokacin, alamar ba wanda zai sake sa lambar. Mutane suka zo karrama gwanin da ya tafi shekara goma sha shida da suka wuce, da labarin tafiyar na yau a bakinsu. An fama gyambon a ranar da aka ce za a wanke shi. Daga nan zuwa ƙarshen kaka, cikin kusan wasa ashirin, sau biyu kacal ƙungiyar ta yi nasara.

Yanzu ga batun fatan dawowa, wanda mutane da yawa ke ɗauka son zuciya ne kawai na 'yan kallo. A watannin farko fatan yana da tushe mai ƙarfi a cikin dokokin gasar. Ɗan wasan da aka miƙa a ranar rufe musaya alhali kwantiraginsa na ƙarewa, a bakin masu bin wasan ɗan haya ne: sabuwar ƙungiyar ta ɗauke shi na wata biyu ko uku don neman kofi, ranar 1 ga Yuli kuma ya zama mai 'yancin kansa. Babu dokar da ta hana shi komawa inda ya fito. Mutanen Edmonton ma sun ga haka da idonsu shekara ɗaya kafin nan. Doug Weight, tsohon kyaftin ɗinsu, St. Louis ta miƙa shi ga Carolina a farkon 2006, ya ci kofi a kan Edmonton ɗin, da bazara ya koma St. Louis ya sa hannu. Mark Recchi ya yi daidai haka tsakanin Pittsburgh da Carolina a shekarar. Keith Tkachuk, wanda aka miƙa ga Atlanta a makon da aka miƙa Smyth, shi ma ya koma St. Louis da bazara. Don haka mai cewa Smyth zai dawo a Yuli ba mafarki yake ba, lissafi yake da misalai a hannu.

Lissafin bai fita ba. Islanders ta shiga wasannin neman kofi da ƙyar a ranar ƙarshe, Buffalo ta fitar da ita a wasa biyar. Ranar 1 ga Yuli Smyth ya sa hannu da Colorado, shekara biyar a kan dala miliyan 31 da dubu 250, wato fiye da miliyan shida a shekara. Wannan adadi ya nuna abu biyu. Kasuwa ta ɗauke shi da daraja fiye da yadda Edmonton ta ɗauke shi, kuma abin da ya nema a gida a watan Fabrairu ragi ne ya yi wa ƙungiyarsa. Colorado kuma a rukuni ɗaya take da Edmonton a lokacin, don haka sau da yawa a shekara za su gan shi cikin rigar abokan hamayya. Zuwansa na farko, aka nuna hotunan shekarunsa a babban allo, filin ya miƙe tsaye yana tafi.

Wannan tafi al'ada ce a hoki, kuma tana da kyau a fahimce ta. Idan tsohon ɗan gida ya dawo karon farko, a hutun farko na wasa akan haska ɗan gajeren bidiyo na ayyukansa, 'yan kallo su tashi, 'yan wasan ɓangarorin biyu su riƙa buga sandunansu a jikin katangar fili, wanda shi ne tafinsu. Musaya ba ta ba da damar sallama, mutum yakan ɓace ne tsakanin wasan Talata da na Alhamis. Wannan minti ɗaya ko biyu shi ne bankwanan da aka hana su. P.K. Subban ya tsaya yana hawaye a Montreal a Maris 2017 cikin rigar Nashville. Amma wanda aka yi wa ihun tsiya shi ma yana nan: Pronger, da ya nemi tafiya da kansa, duk lokacin da ya taɓa faifai a Edmonton sai filin ya ɗauki ihu. Mutane ɗaya, fili ɗaya, shekara ɗaya tsakani. Suna bambance wanda ya tafi da wanda aka tafi da shi, kuma ba sa mantawa.

Shekaru suka shuɗe. A 2009 Colorado ta miƙa Smyth ga Los Angeles. Edmonton kuwa ta faɗa rami, har ta yi kaka goma a jere ba ta shiga wasannin neman kofi ba, daga 2007 zuwa 2016. A irin wannan lokaci ne son tsohon ɗan wasa kan ƙara kauri, kuma a nan ya kamata a yi gaskiya: wani ɓangare na abin da mutane ke kewa ba Smyth ba ne shi kaɗai, bazarar 2006 ce, lokacin da dukan filin ke rera taken ƙasa da murya ɗaya, titunan gari suka cika har asuba. Smyth shi ne fuskar wancan lokacin. Rigarsa mai lamba 94 ba ta daina bayyana a cikin 'yan kallo ba duk tsawon shekarun da ba ya nan.

A bazarar 2011 labari ya fito cewa Smyth ya nemi Los Angeles ta mayar da shi gida, saboda iyalinsa. Ranar 26 ga Yuni aka kammala: Edmonton ta ba da Colin Fraser da damar zaɓe a zagaye na bakwai, ta karɓi ɗanta. Abin da wannan shawara ta ci masa ba ƙarami ba ne. Ya bar ƙungiyar da ke kan hanyar hawa ya koma wadda ta zo ta ƙarshe a gasar shekara biyu a jere. Shekara ɗaya bayan haka, a Yunin 2012, Los Angeles ta ci Kofin Stanley na farko a tarihinta, Fraser ɗin nan da aka ba da a madadinsa shi ya ci ƙwallon farko a zagayen ƙarshe. Kofin da Smyth ya yi alkawari da hawaye a filin jirgi, da ya ƙara shekara ɗaya da ya ɗaga shi. Bai taɓa cin sa ba har ya yi ritaya. Duk wanda zai ce maganar da ya yi a 2007 ta fatar baki ce, sai ya fara bayanin wannan.

Wane ne ya dawo? Mutum mai shekara 35. Kakarsa ta farko ya buga dukan wasanni 82, ya ci 19, abin yabo. Daga nan ƙafa ta fara nauyi, aka riƙa rage masa lokaci, aka sauko da shi sahun baya, har aka sa shi buga tsakiya, gurbin da ba nasa ba. Bai ceto ƙungiyar ba, kuma babu ɗan wasa ɗaya da zai iya. Yaran da aka zaɓa na ɗaya a 2010 da 2011, Taylor Hall da Ryan Nugent-Hopkins, su ne makoma, shi kuma aikinsa ya zama ya nuna musu yadda ake zuwa atisaye da wuri a tashi a makare. Akwai masu sharhi a garin da suka ce mayar da shi biyan bashin zuciya ne, ba gina ƙungiya ba.

Maganarsu ba ta rasa tushe, domin tarihin gasar yana da misalin inda irin wannan so ya yi tsada. Wendel Clark a Toronto kamar Smyth yake a Edmonton, ɗan ƙauye mai zuciya, kyaftin. An miƙa shi ga Quebec a 1994 aka karɓo Mats Sundin, mutane suka yi ta kuka, ko da yake Sundin ya zo ya zama wanda ya fi kowa tara maki a tarihin ƙungiyar a zamaninsa. A Maris 1996 Toronto ta dawo da Clark daga Islanders, cikin abin da ta bayar har da matashin ɗan baya Kenny Jonsson da damar zaɓe ta 1997. Da wannan dama Islanders ta ɗauki Roberto Luongo, ɗaya daga cikin manyan masu tsaron raga na zamaninsa. Clark ya yi shekara biyu ya sake tafiya. Wannan farashi ne mai nauyi, kuma manajan da zai bi ihun 'yan kallo ido rufe zai iya jefa ƙungiyarsa cikin asarar shekaru.

Sai dai na Smyth bai yi kama da wannan ba, ya fi kusa da na Trevor Linden a Vancouver. Linden, wanda ya ci ƙwallo biyu a wasa na bakwai na zagayen ƙarshe a 1994 jikinsa duk rauni, an miƙa shi ga Islanders a Fabrairun 1998, ya zaga Montreal da Washington, aka dawo da shi a Nuwamban 2001 da farashi mai sauƙi, ya zauna har ritayarsa a 2008, aka ɗaga rigarsa mai lamba 16. Edmonton ma ba ta ba da wani abu da ya karya ta ba. Idan farashin ya zama kaɗan haka, ni ban ga dalilin da za a raina abin da ake samu ba. Ƙungiyar wasa tana rayuwa ne da mutanen da ke biyan kuɗin tikiti a shekarun da ba a cin komai, uba ya kawo ɗansa, ɗan ya girma ya kawo nasa. Waɗannan mutane an sha gaya musu cewa wasan kasuwanci ne, su daina ɗora zuciya a kan ɗan wasa, alhali wannan ɗora zuciyar ita ce ake sayar musu a rigar da ke ɗauke da suna da lamba. Mayar musu da Smyth amincewa ce da cewa abin da suka ji a 2007 gaskiya ne. Mu ma mun ga ɗan kwatankwacin haka a Kano lokacin da Ahmed Musa ya sake sa rigar Pillars a 2021, mutane suka san ba yaron 2010 ne ya dawo ba, amma murnar ba ta ragu ba.

Ƙungiyoyi da kansu sun gane nauyin abin, shi ya sa yanzu ake yawan ƙulla kwantiragin kwana ɗaya don tsohon ɗan wasa ya yi ritaya cikin rigar gida. Pittsburgh ta wuce haka a Satumban 2025, ta kira mai tsaron ragarta Marc-André Fleury, shekara takwas bayan rabuwarsu, ya tsare raga a kashi na uku na wani wasan share fage, filin ya cika maƙil. Mutanen Calgary sun yi ta fatan Jarome Iginla zai sake buga musu bayan an miƙa shi ga Pittsburgh a 2013, bai samu ba, sai dai ya zo garin ya sanar da ritayarsa a 2018. Gretzky bai sake buga wa Edmonton wasan gasa ko ɗaya ba. Mafi yawan jira haka yake ƙarewa, abin da ya sa na Smyth ya fita daban.

Ranar 12 ga Afrilun 2014 ya buga wasansa na ƙarshe, a Rexall Place, da Vancouver. Duk shekarunsa a Edmonton bai taɓa zama cikakken kyaftin ɗin ƙungiyar ba. A daren nan kyaftin Andrew Ference ya bar masa alamar, aka ɗinka ta a ƙirjin riga mai lamba 94. Yana da ƙwallo 126 da ya ci wa Oilers a lokutan da abokan hamayya ke da ragin mutum saboda hukunci, daidai da tarihin da Glenn Anderson ya kafa. Duk sanda aka samu irin wannan dama, sai a bar shi a fili ya ƙi fita, yana tsaye a bakin raga inda ya saba, yaran suna ta harbo masa faifai ko zai taɓa sandarsa. Ta 127 ba ta zo ba. Edmonton ta ci wasan 5 da 2. Da aka tashi, 'yan wasan Vancouver suka jeru suna miƙa masa hannu ɗaya bayan ɗaya, abin da ba a saba yi ba a wasan kaka. Ya zaga filin yana ɗaga hannu, fuskarsa jiƙe da hawaye, matarsa da 'ya'yansa suka fito kan ƙanƙara suka same shi, mutane kuma suna tsaye suna kiran sunansa, ba wanda ya nufi ƙofa. Ya buga wasa 1,270 a gasar, 971 daga ciki da rigar Oilers.